Alkama Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Kwana goma da fitar fure. Na yanko zangarniya shida daga mai lamba arba'in da ɗaya, shida daga alkamar kwatance, wato wadda kowa ke nomawa. Zafin ɗakin gilashin da ake renon alkamar digiri talatin da huɗu, yadda aka saita shi bara. Tsabar ba ta yi ƙwari ba, in an matsa sai farin ruwa kamar madara.

Kwamitin bincike ya ce a sake gwajin bara tun daga farko, kuma ni zan yi, tunda ni ce mai awo a ɗakin gwajin, littafin aikin ma nawa ne. Yaya, wana, wanda a nan ake kira Dokta, ba zai shigo ba har a gama. Ranar Alhamis suka karɓi makullinsa. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin ɗakin nan, bakwai daga ciki ina ƙarƙashinsa. Kofinsa na kan taga da guntun shayi a ciki. Ban taɓa ba.

An turo wata mata daga sashen binciken ƙasar noma ta riƙa zama kusa da ni, tana sa hannu a kan duk abin da na auna. Baba mai ban-ruwa har ya raɗa mata suna Shaida.

Litinin, ƙarfe 2:30 na rana

Shaida ta ce ita ƙasa ta karanta, ba ta san alkama ba sai a buhu, in yi mata bayani kamar 'yar aji uku. Na yi mata.

Na ce farin nan na cikin tsaba, wanda ke zama gari, ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu rai, suna ta tara sitaci. In tsaba ta doshi nuna sai su soma mutuwa, ba don cuta ba, haka tsarinsu yake. Zafi na sa su mutu da wuri, tsaba ta tashi a motse. Ina yanka tsabar da reza, in tsoma a shuɗin rini. Mai rai ba ta karɓar rinin, matacciya tana sha. Saboda haka duk inda ya yi shuɗi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, nan an gama. Sai kuma sinadarai biyu da nake aunawa, enzayim ake ce musu. Mu a nan ɗaya muna kiransa mai gadi, shi ke share gubar da ke taruwa a ƙwayar. Ɗayan mai almakashi, shi ke daddatsa abin da ke cikinta in lokaci ya yi. Mai gadi na sauka, mai almakashi na hawa.

Ta ce, "To shi Dokta me ya ce ya gano?"

Na ce ya rubuta cewa a arba'in da ɗaya mai gadi na jurewa, mutuwar na jinkiri da mako guda cur ko da ana zafi. A kan haka aka soma shirin raba irin ga manoma.

"Sai wani ya gwada a wani wuri bai ga haka ba."

Na ce haka aka ce.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke da Dokta, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Na ce e. Ta sa hannu.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Kwana sha uku. Babu shuɗi a ciki, duka biyun. Ɓawon waje ne kawai ya sha, kuma wannan an san da shi. Mai gadi na sama a duka.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na biya gidan Inna ɗauko 'yata Ɗigo bayan an tashi daga makaranta, don can motarsu ke sauke ta. Inna ta ce Yaya ya zo mata da hantsi ya zauna har azahar, wai hutu ya ɗauka. Ta ji daɗi, ta ce dama ya rame. Har ya gyara mata famfon bayan gida da ya yi wata biyu yana ɗiga.

Ta ce, "Ke ba za su ba ki hutun ba?"

Na ce alkama ba ta san hutu ba.

Ɗigo ta yi tari sau biyu a mota. Na ƙirga. Ba ta ƙara ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Kwana sha shida. Ɗigo-ɗigon shuɗi ya bayyana a ta kwatance, nan ɗaya can ɗaya, ba tsari. A arba'in da ɗaya babu ko ɗaya. Na yanka tsaba goma sha biyu, babu.

Shaida ta zo da ɗinkin hannunta tunda Lahadi ce. Ta leƙa madubin ta ce, "Wannan ai labari mai daɗi ne ko?"

Na ce bara ma haka aka gani a kwana sha shida. Wannan shafin ba a taɓa musu a kansa ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Ba awo yau. Na wanke kwalabe, na niƙa ƙanƙara, na sake haɗa rini. Sakataren kwamiti ya kawo mini hoton shafukan littafina na bara, na hamsin da biyu zuwa hamsin da takwas, wai in duba kafin ranar zama. Ainihin littafin na wurinsu.

Awon kwana sha tara ne, da ashirin da biyu, da ashirin da biyar. Na sa takardun a aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin kwalin safar hannu.

Duk lambar bakwai da ke shafukan an ja mata layi a tsakiya. Ni ba na ja wa bakwai layi.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 10:45 na safe

Kwana sha tara. Ta kwatance ta yi shuɗi kusan kashi ɗaya cikin uku. Arba'in da ɗaya ta soma, ɗigo-ɗigo, an fi gani wajen tsakiya. Mai gadi ya ɗan sauka a cikinta. Littafin bara ya ce bai motsa ba.

Awo ɗaya ba ya nuna komai. Ana iya samun zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta fure da kwana ɗaya ba a lura ba. Na rubuta abin da na'ura ta ba ni. Shaida ta sa hannu.

Laraba, ƙarfe 4:10 na yamma

Baba mai ban-ruwa ya tsare ni a ƙofar ɗakin gilashi da tiyo a hannu. Shekararsa talatin a nan, ya riga kowa.

Ya ce, "'Yata, bara war haka ai ba kya nan."

Na ce ba na nan.

"Na ce ko ba ki tuna ba ne. Dokta ne ke zuwa da kansa. Sau ɗaya na ga ya yanka zangarniya, aka buga masa waya daga asibiti, ya ajiye su nan kan benci ya fita da gudu. Washegari na tarar sun bushe, na zubar." Ya kashe ruwan. "Ba wanda ya tambaye ni. Ni ma ban nemi a tambaye ni ba."

Na ce to, Baba.

Ya ce yaya jikin yarinyar. Na ce ai Ɗigo ta warke tuni, har ta shiga aji biyu. Ya ce madalla, ya kunna ruwansa.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Ɗigo lafiya lau. Ta ƙi sa rigar sanyi.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Kwana ashirin da biyu. Ta kwatance fiye da rabi. Arba'in da ɗaya kusan rabi. Mai almakashi ya hau a duka biyun. Na zaci kuskure ne, na sake niƙa wasu, na sake haɗa ruwan gwajin sabo, na canja kwalba. Sau huɗu. Lambar ta ƙi motsi.

A shafi na hamsin da biyar an rubuta kashi goma cikin ɗari. Yau kashi arba'in da shida.

Shaida ta ajiye ɗinkinta ta ce, "Kin yi awa uku ba ki zauna ba." Ta miƙo mini ruwa. Sai ta ce in ina so mu tsaya haka, mu ci gaba ranar Talata. Na ce tsabar ba za ta koma baya ba. Ta daɗe tana riƙe da biro kafin ta sa hannu.

Zafin ɗakin gilashi talatin da huɗu. Na duba sau biyu.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Anti ta zo, matar Yaya, ita kaɗai. Ta kawo wa Ɗigo takalmi. Ta bi ni kicin ina wanke-wanke, ta tura ƙofa.

Ta ce ba ya cin abinci. Ya kan zauna a mota a ƙofar gida, injin a kashe, har sai ta aika a kira shi. Ta ce bai san ta zo ba, in ya ji zai yi mata faɗa.

"Ni ban san aikinku ba," in ji ta, "amma ai lamba ce. Na'ura ma tana kuskure. Matar nan da aka ajiye miki ai ba ta san hagu da dama ba a wurin."

Na ce ta sani yanzu, ni na koya mata.

"Kwana tara kina kwance a ƙasan gadon yarinyar nan a asibiti. Mijinki na kan hanya da babbar mota, waya ma ba ta shiga. Wa ya yi ta zirga-zirga? Wa ya ba da jini? Da an san ba kya wurin aiki a tsakiyar gwaji, ke da lokacin kina aikin wucin gadi, ko takardar tabbatar da ke ba a ba ki ba, me kike jin zai faru?"

Na ce na sani, Anti.

"Kin sani." Ta ɗauki faranti ta goge ta ajiye, ta ɗauki wani. Mun gama wanke-wanken tare. Da za ta tafi ta ce takalmin in ya matse a faɗa mata, mai shagon ya yarda a canja.

Bai matse ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Kwana ashirin da biyar. Ta kwatance shuɗi kashi tamanin da biyu. Arba'in da ɗaya kashi sittin da takwas.

Na jera lambobin a takarda na ja layi biyu. Suna tafiya tare, ɗaya na bin ɗaya a baya. Tazarar kwana biyu ce. Ba mako ba. Amma tana nan, a kowane awo tana nan.

Talata, ƙarfe 3:20 na rana

Shaida na banɗaki, takardar awo na gabana ba ta sa hannu ba tukuna. Minti shida ta yi. Na kalli agogon bango ne shi ya sa na sani. Biron na hannuna. Ban taɓa lamba ko ɗaya ba.

Da ta dawo ta ce sabulun banɗakin ya ƙare. Na ce zan faɗa wa masu shara.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Yaya ya kira. Na bar ta ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, na ɗauka.

Ya ce, "Auta, maganin Inna na hawan jini ya kusa ƙarewa, ke za ki karɓo ko ni?"

Na ce ni.

Ya ce to. Ina jin rediyo a wajensa. Doka ta hana mu maganar gwajin, shi ma ya san haka, shi ya rubuta rabin dokokin wurin.

Ya ce, "Kina saka kwalaben a ƙanƙara tun daga ɗakin gilashi?"

Na ce ina sawa.

"Yauwa." Ya kashe.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Kwana ashirin da takwas. Ta kwatance ta yi shuɗi gaba ɗaya, sai siririn layin nan na gefe da ke zagaye farin. Shi ba ya mutuwa, yana jiran ranar da za a shuka. Arba'in da ɗaya saura kaɗan. Tsabar ta yi tauri, reza biyu na canja. Na yanke ɗan yatsa, ba sosai ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Kwana talatin da ɗaya. Duka shuɗi. Awo ya ƙare.

Shaida ta sa hannu na ƙarshe, ta haɗa takardun a ambulan ta liƙe a gabana. Ta ce mako uku ta yi a nan, yanzu ko burodi ta gani sai ta ji tausayinsa. Na yi dariya. Ita ce ta farko a watan nan, ina jin.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ran nan da na je banɗaki, sabulu bai ƙare ba. Da gangan na daɗe."

Ta tafi.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na ciro takardun daga ƙarƙashin kwalin safar hannu. Na karanta su duka bakwai. Lambobin sun yi kyau, sun hau layi sumul, awo na gaskiya ba ya yin haka. A ƙasan kowane shafi akwai sa hannun mai awo da kwanan wata. Wannan nawa ne. Ranar da na dawo aiki na yi su, duka bakwai a zama ɗaya, da biro iri ɗaya. Ban tambaya ba. Ban karanta ba ma. Na tuna ina ta sauri don in koma in ba Ɗigo maganin ƙarfe biyu.

Na goge rigar gobe.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 3:35 na rana

Su biyar ne a dogon tebur. Shugabar kwamitin dattijuwa ce, tana magana a hankali kamar mai lallashi. Yaya na can ƙarshen ɗakin kusa da taga. Ya yi aski. Bai ɗago ba da na shiga.

Sun fara da awon bana. Na ba su amsa. Wani ya tambaya ko zafin ɗakin gilashi ya taɓa canjawa, na ce a'a, ga takardar da Baba ke rubuta zafin. Wani ya ce ko rinin ne ya tsufa, na ce sabo na haɗa, ga kwanan wata. Na ce musu tazarar kwana biyu ce kuma gaskiya ce, ina so a rubuta wannan. Shugabar ta ce an rubuta.

Sai ta buɗe littafin ta juyo mini da shi.

"Malama, rubutun nan naki ne?"

Na ce a'a.

"Sa hannun fa?"

Na ce nawa ne.

"Kin ga an yi awon da idonki?"

Na ce ban gani ba, ba na nan. Na faɗi inda nake.

"To rubutun na wane ne?"

Na amsa.

Fankar sama na da wata ƙara da take yi duk zagaye na uku. An ba ni ruwa a kofin roba. Da shugabar ta waiwayi Yaya ta ce ko yana da tambaya gare ni, sai ya miƙe tsaye, ya ce ba shi da ita, duk abin da na faɗa haka ne. Ya ƙara da cewa sa hannun shi ya ce in yi. Wannan ba haka ba ne, bai ce ba, littafin kawai ya ajiye a kan teburina. Na buɗe baki, shugabar ta ce an gode, zan iya tafiya.

Na tsaya a baranda na ce wa sakataren a gyara wannan a rubuce. Ya ce in kawo a takarda. Na kai kafin a tashi.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Na wanke kofin Yaya na kan taga.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Takardu sun fito. Tawa gargaɗi ce, da shekara biyu ba ƙarin girma. An janye rahoton bara, an dakatar da raba irin. Ta Yaya ban gani ba, amma wani kafinta ya zo ya kwance allon sunansa daga ƙofa. Ramukan kusa huɗu ne suka rage.

Anti ba ta ɗaukar wayata. Sau biyu na kira, na bari.

Baba ya girbe sauran alkamar, ya zuba a buhunan takarda, ya ce in rubuta lamba a jiki don idonsa ba ya gani sosai yanzu.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe 4:25 na yamma

Ya zo da kwali biyu kwashe kayansa, da mai gadin ƙofa a bayansa, don haka doka ta ce. Mai gadin ya tsaya a waje yana kallon ƙasa, Yaya ne ya samar wa ɗiyarsa gurbin karatu.

Na taya shi sauke littattafai. Da muka gama ya ce, "An hana ni ganin hotunan tsabar da kika ɗauka?"

Na ce ba a ce ba. Na buɗe masa na kwana ashirin da biyu a kwamfuta, na alkamar biyu gefe da gefe. Ya ja kujera ya zauna. Ya ƙara girman hoton, ya rage, ya koma na sha tara, ya dawo. Ya yi minti goma ko fiye.

"Kwana biyu," in ji shi.

Na ce kwana biyu.

"A kowane awo?"

"A kowane."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Kwana biyu a wannan zafin ba ƙaramin abu ba ne, Auta. Da shi na rubuta, da ya isa." Ya mayar da tabaraun. "Na tabbata a raina mako ne. Shekara shida ina kallonta a gona. Na ce in na cike gurbin, abin da za ki samu ke nan ko da kina nan."

Ya ɗauki kwali ɗaya, na ɗauki ɗaya. A wajen mota ya ce bai kamata Inna ta ji a bakin mutane ba. Ranar Asabar zai biyo ya ɗauke ni.

Asabar, 4 ga sabon wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Ya zo ƙarfe goma. Ba mu yi magana a hanya ba sai a kan wani rami da aka haƙa a titin kasuwa. A ƙofar gida ya kashe mota ya ce, "Ke za ki fara ko ni?"

Na ce ai shi ne babba.

Inna na zaune a tsakar gida tana warware zaren wata tsohuwar riga. Muka gaishe ta, muka zauna a ƙasa. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai sa sunana ba. Da ya kai ƙarshe ni na sa.

Ba ta daina warwarar ba. Ta ce, "Makon da yarinyar nan ke asibiti ke nan?"

Yaya ya ce shi ne.

"Da an raba irin, da mutane sun shuka?"

Ya ce da sun shuka.

Ta naɗe zaren a yatsa har ya ƙare. Sai ta dube shi ta ce, "Ba ka kyauta ba." Ta dube ni. "Ke ma da kika sa hannu a abin da ba ki gani ba." Ta miƙe da kyar, hannu a gwiwa. Yaya ya yunƙura zai kama ta, ta ce ya bari.

Ta ce abinci na kan wuta, ba ta dafa don a bar mata ba. Ni in ɗauko faranti, shi ya shimfiɗa tabarma.

Faranti uku na ɗauko. Ta ce in mayar da ɗaya, tun muna yara a guda muke ci.